Moldoba: harshe ɗaya mai suna biyu, gardamar da doka kaɗai ba za ta kashe ba

Ranar 16 ga watan Maris na shekarar 2023, majalisar dokokin ƙasar Moldoba ta kaɗa ƙuri'a kan wata doka wadda ba ta ƙara wa kowa albashi ba, ba ta rage kuɗin wuta ba, ba ta kuma sauya ko kalma ɗaya daga cikin maganar da mutane ke yi a kasuwa ba. Abin da dokar ta yi shi ne goge sunan "Moldobanci" daga kundin tsarin mulki da sauran dokokin ƙasar, tare da maye gurbinsa da "Romaniyanci" a matsayin sunan harshen gwamnati. Ƴan majalisa 58 daga cikin 101 ne suka amince, ƴan adawa na jam'iyyun gurguzu suka yi fatali da matakin, bayan kwana shida kuma shugabar ƙasa Maia Sandu ta rattaba hannu.

Washegari, mai sayar da burodi a Kishinau, babban birnin ƙasar, ya ci gaba da cinikinsa da harshen da ya yi ciniki da shi jiya. Malamin makaranta ma bai canza littafi ba, domin tun farkon shekarun 1990 darasin da ake koya wa yara a aji sunansa harshe da adabin Romaniyanci. Amma duk da haka maganar ta tsallaka iyaka: hukumomin Romaniya sun yi marhabin da dokar, ma'aikatar harkokin wajen Rasha kuwa ta yi tir da ita. Ƙasa ce ƙarama mai mutum ƙasa da miliyan uku, wadda ke maƙale tsakanin Romaniya da Yukren, inda yaƙi ke ci tun watan Fabrairun 2022. A irin wannan wuri, sunan harshe ma yana iya zama makami.

Majalisar ta yi daidai da ta kira harshen da sunan da masana suka yi ittifaƙi a kansa. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne a ɗauka cewa da an gyara takarda an gama magana. Kusan rabin mutanen ƙasar har yanzu "Moldobanci" suke kiran abin da suke faɗa, kuma ba jahilci ko cin amanar ƙasa ne ya sa su yin haka ba. Yadda gwamnati za ta tafi da waɗannan mutane shi ne zai nuna ko dokar ta 2023 ta ɗinke ɓaraka ce ko ta ƙara faɗaɗa ta.

Abin da kunne yake ji

Ta fuskar ilimin harshe, babu wata gardama mai ƙarfi. Romaniyanci jikan Latin ne, wato dangin Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Daidaitaccen harshen da ake rubuta doka da jarida da shi a Kishinau shi ne dai wanda ake rubutawa a Bukarest, babban birnin Romaniya: nahawu ɗaya, ƙa'idar rubutu ɗaya, ƙamus ɗaya. Idan shugabannin ƙasashen biyu suka zauna, babu mai kiran tafinta. Ƙungiyar mawaƙan nan ta O-Zone, wadda waƙarta mai suna "Dragostea din tei" ta mamaye gidajen rediyon Turai a 2004, ƴan Moldoba ne, kuma babu wanda ya buƙaci a fassara masa ita a Romaniya.

Bambanci yana nan, amma na karin harshe ne. Mutumin ƙauye a Moldoba yana iya kiran masara "papushoi" inda ɗan Bukarest zai ce "porumb", ya kira kankana "harbuz" inda wancan zai ce "pepene". Irin bambancin da ake ji tsakanin Hausar Damagaram da ta Sakkwato ne: kunne yana gane daga ina mutum ya fito, amma zance ba ya tsayawa. Abin lura kuma shi ne wannan karin harshe bai tsaya a kan iyaka ba. Kogin Prut ne ya raba ƙasashen biyu, kuma mutanen biranen Yashi da Suchaba da ke yammacin kogin, a cikin Romaniya, da irin wannan karin suke magana. Abin da ya fi bambanta maganar titin Kishinau shi ne tarin kalmomin aro daga Rashanci, gadon dogon zaman da aka yi ƙarƙashin mulkin Rasha.

Hukumomin da aikinsu ke nan sun daɗe da yanke hukunci. Cibiyar nazarin kimiyya ta ƙasar Moldoba ita kanta ta bayyana tun 1994 cewa sunan harshen na gaskiya Romaniyanci ne. A 2008 aka daina amfani da lambar da aka ware wa Moldobanci a jerin lambobin harsunan duniya da kwamfutoci da ɗakunan karatu ke aiki da su. A ƙarshen 2023 gwamnatin Yukren, wadda ke da makarantun masu wannan harshe a yankin Odesa, ta amince ta daina amfani da sunan Moldobanci a harkokinta.

Yadda aka raba gida ɗaya

To daga ina suna na biyu ya fito? Sunan Moldoba kansa tsoho ne. Masarauta ce da aka kafa a ƙarni na 14, wadda ta haɗa gabas da yammacin kogin Prut, kuma sarkinta mafi shahara, Stefan Mai Girma, ya yi mulki daga 1457 zuwa 1504. Mutanenta suna kiran kansu ƴan Moldoba, talakawa kuma kan ce suna magana irin ta Moldoba. Sai dai malaman masarautar sun san cewa harshensu ɗaya da na maƙwabtansu na Walakiya da Transilbaniya. Littafin wa'azin da babban limamin cocin Moldoba, Varlaam, ya buga a Yashi a 1643, a kan bangonsa an kira shi littafin Romaniyanci ne.

A 1812 aka tsaga masarautar biyu. Bayan yaƙi tsakanin Rasha da daular Turkawa mai hedikwata a Istanbul, yarjejeniyar Bukarest ta miƙa ɓangaren gabas ga Rasha, aka riƙa kiransa Basarabiya. Ɓangaren yamma ya haɗe da Walakiya a 1859, daga nan aka samu ƙasar Romaniya. A shekarun da suka biyo baya ne Romaniya ta bar tsoffin haruffan Sirilik da aka daɗe ana rubuta harshen da su, ta koma haruffan Latin, ta gina makarantu da jaridu da adabin zamani, ta kuma aro kalmomi masu yawa daga Faransanci. Duk wannan ya faru ne alhali mutanen gabashin kogin suna ƙarƙashin wata gwamnati dabam wadda Rashanci ne harshen ofis da makarantarta. Manomin Basarabiya bai halarci taron da aka raɗa wa ƙasa suna Romaniya ba, sai ya ci gaba da kiran kansa da tsohon sunan da ya gada.

A 1918, bayan rushewar daular Rasha, majalisar Basarabiya ta zaɓi haɗewa da Romaniya. Tarayyar Sobiyet ba ta taɓa amincewa da hakan ba. A 1924 ta kafa wata ƙaramar jamhuriya mai ɗan ƙwarya-ƙwaryan ƴanci a gabashin kogin Dniester, a cikin Yukren, ta sa mata suna Moldoba, domin ta zama hujjar neman Basarabiya. A can ne aka fara aikin mayar da karin harshen ƙauye wani harshe mai zaman kansa. An ƙirƙiro sabbin kalmomi don kauce wa na Bukarest, an rubuta nahawu na musamman. A 1932 hukumomi suka sauya ra'ayi suka koma haruffan Latin, a 1938 suka sake juyawa zuwa haruffan Sirilik irin na Rasha, da dama daga cikin marubutan da suka yi aiki da tsarin Latin kuma suka halaka a kisan gillar zamanin Stalin. Harshen da ake sauya wa haruffa sau biyu cikin shekara shida bisa umarni daga sama, ba masana ne ke tafiyar da shi ba, siyasa ce.

A watan Yunin 1940, bayan yarjejeniyar sirri da Sobiyet ta ƙulla da Jamus ta Hitler a 1939, sojojin Sobiyet suka shiga Basarabiya, aka kafa Jamhuriyar Sobiyet ta Moldoba a watan Agusta. Romaniya ta sake karɓe yankin a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944 ta zauna har 1991. A tsawon wannan lokaci koyarwar hukuma ita ce Moldobanci harshe ne dabam. Abin mamaki, tun daga shekarun 1950 rubutaccen harshen ya riƙa komawa daidai da na Romaniya, har ana koyar da ayyukan Mihai Eminescu da Ion Creanga, manyan marubutan da aka haifa a yammacin Prut, a matsayin adabin Moldoba. Abin da ya rage na bambanci shi ne haruffa da suna.

Daga dandalin 1989 zuwa kotun 2013

Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta fara sassauci, batun harshe ne ya fara fito da jama'a kan titi. A biranen jamhuriyar Rashanci ne ke buɗe ƙofar babban aiki da karatu mai zurfi, harshen mafi rinjaye kuwa ana yi masa kallon maganar ƙauye. Ranar 27 ga Agustan 1989 ɗimbin jama'a suka cika dandalin tsakiyar Kishinau, ranar 31 ga watan kuma majalisa ta mayar da harshen na gwamnati, ta dawo da haruffan Latin. Dokokin na wancan lokaci sun ci gaba da kiransa Moldobanci, amma sun amince cewa shi da Romaniyanci abu ɗaya ne. Har yau ranar 31 ga Agusta ranar hutu ce ta bikin harshe a ƙasar.

Takardar shelar ƴancin kai ta 27 ga Agustan 1991 ta kira harshen Romaniyanci. Shekara uku bayan haka iska ta juya. Jam'iyyar manoma, wadda ba ta goyon bayan haɗewa da Romaniya, ta ci zaɓen 1994, kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar kuma ya rubuta a sashe na 13 cewa harshen gwamnati Moldobanci ne da haruffan Latin. Aka sauya taken ƙasa, wanda a da ɗaya ne da na Romaniya, aka ɗauki waƙar Alexei Mateevici mai suna "Harshenmu", wadda ta yabi harshen daga farko har ƙarshe ba tare da ta ambaci sunansa ba. Ɗalibai sun yi zanga-zanga a 1995, shugaba Mircea Snegur ya nemi a gyara sashen, majalisa ta ƙi a 1996.

Daga nan ƙasar ta shiga wani irin zama na kauce wa suna. Jami'ai da dama suka koma cewa "harshen gwamnati" kawai, don kada su ɓata wa kowane ɓangare rai. A zamanin mulkin ƴan kwaminis ƙarƙashin Vladimir Voronin, daga 2001 zuwa 2009, an sake ƙoƙarin ƙarfafa tsohuwar koyarwar. A 2003 wani ɗan siyasa kuma marubuci, Vasile Stati, ya wallafa ƙamus na fassara daga Moldobanci zuwa Romaniyanci, wanda masana a ƙasashen biyu suka yi wa ca, domin galibin abin da ke ciki kalmomin karkara ne da tsoffin kalmomi waɗanda ƙamusoshin Romaniyanci suka riga suka sani.

Ranar 5 ga Disamban 2013 kotun tsarin mulki ta yanke hukunci cewa idan shelar ƴancin kai da kundin tsarin mulki suka saɓa, shelar ce ke gaba, saboda haka harshen gwamnati Romaniyanci ne. Dokar 2023 aiwatar da wannan hukunci ta yi, shi ya sa aka zartar da ita da rinjaye na yau da kullum maimakon kashi biyu bisa uku da gyaran kundin tsarin mulki ke buƙata. Ƴan adawa sun ce an bi ta bayan gida, suka kai ƙara, kotun ta tabbatar da dokar a 2024. Ƙorafinsu kan hanyar da aka bi ba shirme ba ne. Magana irin wannan da ta shafi zuciyar jama'a ta fi ƙarko idan ta samu yardar ɓangarori da yawa, kuma abin da rinjayen yau ya rubuta, rinjayen gobe yana iya yunƙurin gogewa.

Abin da mutane ke faɗa da bakinsu

Ƙidayar jama'a tana nuna yadda lamarin yake a ƙasa. A ta 2004, kusan mutum 60 cikin 100 sun ce Moldobanci ne harshen uwarsu, waɗanda suka ce Romaniyanci kuwa ba su kai kashi ɗaya bisa biyar ba. A ta 2014 masu cewa Moldobanci sun haura rabi, masu cewa Romaniyanci sun kusan kai kashi ɗaya bisa huɗu. A ta 2024 masu cewa Moldobanci sun sauko zuwa kusan rabi, masu cewa Romaniyanci sun kusan kai kashi ɗaya bisa uku. Matasa, mazauna birni da masu ilimi mai zurfi sun fi karkata ga sunan Romaniyanci, tsofaffi da mutanen karkara sun fi riƙe tsohon suna. A gida ɗaya ana iya samun kaka da jika sun bai wa ma'aikacin ƙidaya amsa biyu, alhali da harshe ɗaya suka yi hira a kan abincin dare.

Alƙaluman suna koyar da abu biyu. Na farko, sauyin yana tafiya da kansa ta hanyar makaranta da talabijin da intanet da tafiye-tafiye, tun kafin doka ta zo. Na biyu, masu riƙe da tsohon suna ba tsiraru ba ne da za a share. Tsohuwar da ta ce Moldobanci take yi ba darasin nahawu take bayarwa ba. Tana faɗin ko ita wace ce, da sunan da iyayenta suka yi amfani da shi tun kafin a haifi Stalin. Sobiyet ba ta ƙirƙiro kalmar daga iska ba, ta tarar da ita a bakin mutane ne ta ɗora mata kayan siyasa. Wanda ya kasa bambance tsakanin kalmar da kayan da aka ɗora mata, zai ƙare da zagin kakarsa yana zaton Mosko yake zagi.

Akwai kuma tsoro na gaske a bayan gardamar. Mutane da yawa suna jin cewa amincewa da sunan Romaniyanci mataki ne na farko na rusa ƙasar a haɗe ta da Romaniya. Binciken jin ra'ayin jama'a na shekarun nan yana nuna masu son haɗewar ba su kai rabi ba. Ba kowa ne ke tuna mulkin Bukarest na 1918 zuwa 1940 da alheri ba, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Ion Antonescu, ƙawar Hitler, ta hallaka ɗimbin Yahudawa da ƴan ƙabilar Roma a wannan yanki. A ɗaya ɓangaren, iyalai da yawa ba su manta da kwashe mutane zuwa Saberiya da Sobiyet ta yi a 1941 da 1949 ba, da kuma yunwar 1946 zuwa 1947. Kowane suna yana ta da wani tsohon ciwo.

Amsar wannan tsoro a bayyane take, sai dai ƴan siyasa ba su cika son faɗinta ba domin ba ta kawo ƙuri'a: harshe ɗaya ba ya nufin ƙasa ɗaya. Ostiriya da Jamusanci take aiki, kuma babu mai shakkar cewa ƙasa ce mai cin gashin kanta. Amurka ba ta ƙirƙiro sabon suna ga Ingilishi ba kafin ta tabbatar da ƴancinta. Ƙasashe fiye da ashirin ne ke rubuta dokokinsu da Larabci, kowace da tutarta. Mutum yana iya zama ɗan Moldoba cikakke, mai alfahari da ƙasarsa, yana kuma magana da Romaniyanci. Masu cewa sai an raba harshen kafin a tsare ƙasar, da masu cewa tunda harshen ɗaya ne dole a haɗe ƙasashen, kuskure ɗaya suke yi daga fuska biyu.

Inda suna ya zama shingen sojoji

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa idan aka tilasta raba harshen, ya dubi Transnistriya. Wannan siririn yanki na gabashin kogin Dniester ya ɓalle tun 1990, kuma tsoron dokokin harshe na 1989 yana cikin dalilan da jagororinsa suka bayar. An gwabza yaƙi a 1992, aka tsagaita wuta a watan Yuli, sojojin Rasha kuma suna can har yanzu. Babu wata ƙasa mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya da ta amince da yankin a matsayin ƙasa. Harsunan hukuma a can uku ne: Rashanci, Yukrenanci da Moldobanci, amma da sharaɗin a rubuta na ukun da haruffan Sirilik.

Makarantu takwas ne a yankin suka dage kan koyarwa da haruffan Latin bisa manhajar Kishinau, kuma sun sha wahala a kan haka. An kori makarantar garin Grigoriopol daga gininta a 2002, ɗalibanta suka koma shiga mota kullum suna ratsa shingayen bincike zuwa wani ƙauye da ke hannun gwamnatin Moldoba don su yi karatu. A 2004 hukumomin yankin suka rufe wasu daga cikin makarantun da ƙarfin tsiya. Iyaye da yara suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, a watan Oktoban 2012 kuma kotun ta samu Rasha da laifin tauye haƙƙin yaran na samun ilimi.

Abin da iyayen suka gane shi ne yaron da ya yi karatu da Moldobancin Sirilik ya koyi wani tsarin rubutu da babu inda ake aiki da shi a duniya sai wannan ɗan yanki. Ba shi da sabbin littattafai masu yawa, ba shi da jami'o'in da zai nufa a waje. Sakamakon haka iyalai da yawa suna kai ƴaƴansu makarantun Rashanci. Tsarin da aka ce an kafa don kare Moldobanci, a aikace shi ne ke kashe shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan dokar 2023: sunan da ya haɗa yaro da littattafai da jami'o'i da kasuwar aiki ta mutum fiye da miliyan 20 ya fi masa amfani a kan sunan da ya kulle shi a ɗaki.

Mazauna ƙetare sun fi kowa sanin wannan. Moldoba na cikin ƙasashen Turai da suka fi fitar da ƴan ci-rani, kuma kuɗin da suke aikowa gida ginshiƙi ne na tattalin arzikin iyalai. Ɗaruruwan dubbai suna riƙe da fasfon Romaniya, wanda ke ba su damar aiki a Tarayyar Turai tun bayan shigar Romaniya ƙungiyar a 2007. Matar da ke kula da tsofaffi a Italiya tana koyon Italiyanci cikin sauri domin dangin harshenta ne, idan kuma ta je ofis ko asibiti tana neman tafinta, na Romaniyanci za a kawo mata. Moldoba ta samu matsayin mai neman shiga Tarayyar Turai a watan Yunin 2022, a ƙuri'ar raba gardama ta watan Oktoban 2024 kuma masu goyon bayan shiga suka yi nasara da ƙyar, da ɗan abin da ya haura kashi 50 cikin 100, ƙuri'un mazauna ƙetare ne kuma suka rinjayar da sakamakon. Wannan ƙaramar tazara gargaɗi ce: ƙasar a rabe take kusan gida biyu, kuma babu ɓangaren da zai iya tafiya shi kaɗai.

Aikin da ya rage

Akwai kuma ƴan ƙasar da gardamar suna ba tasu ba ce, domin ba da wannan harshe suka tashi ba. Rashawa, ƴan Yukren, Bulgariyawa da Gagauzawa, waɗanda harshensu dangin Turkanci ne kuma suke da yankin cin gashin kai tun 1994, galibinsu da Rashanci suke mu'amala. A watan Janairun 2021 kotun tsarin mulki ta soke wata doka da ta bai wa Rashanci matsayi na musamman. Ga matashin da ya taso a Komrat, babban birnin Gagauziya, tambayar ba ita ce yaya sunan harshen gwamnati ba. Tambayar ita ce ko akwai malamin da zai koya masa shi da kyau har ya iya neman aiki a Kishinau. Gwamnati ta fara shirin koyar da manya Romaniyanci kyauta a 2023, kuma irin wannan aiki mai cin lokaci da kuɗi ya fi kowace ƙuri'ar majalisa tasiri. Idan aka bar waɗannan al'ummomi suna samun labarai daga tashoshin Mosko kaɗai saboda ba sa jin na gida, laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ba ta da sarƙaƙiya, ko da yake tana buƙatar haƙuri. Doka da makaranta da takardun hukuma su tsaya kan suna ɗaya, Romaniyanci, domin shi ne gaskiyar ilimi kuma shi ne mai buɗe ƙofa. Ɗan ƙasa kuma a bar shi ya kira maganar gidansu yadda ya ga dama, a takardar ƙidaya ko a bakin kasuwa, ba tare da an yi masa dariya ko an kira shi ɗan koren Rasha ba. Karin harshen karkara, da su "papushoi" da "harbuz", dukiya ce da ta cancanci shiga littafi da fim, ba abin kunyar da malami zai riƙa dukan yaro a kai ba. Ƴan siyasar da ke tono batun duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, daga kowane ɓangare suke, ya kamata a tambaye su abin da suka yi wa makarantun ƙauye da matasan da ke barin ƙasar kowace shekara.

Shekara fiye da 200 ke nan tun da aka ja layi a kan kogin Prut. Sarakunan Rasha, gwamnatocin Bukarest da shugabannin Sobiyet duk sun zo sun gaya wa mutanen wannan yanki ko su wane ne da kuma abin da suke faɗa, kowannensu kuma ya yi amfani da ƙarfi. Gwamnatin Kishinau ta yau tana da hujjar masana a hannunta, abin da masu koyarwar harshe biyu ba su taɓa samu ba. Abin da ya rage mata shi ne ta nuna cewa za ta iya shawo kan rabin jama'arta ta hanyar makaranta mai kyau da mutunta tsofaffi, ba ta hanyar da magabatanta suka bi ba.